Lambar Yabo a Ƙungiyoyinmu na Kudu: Wa Muke Karramawa, Wa Muka Manta?

Tun 1985 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 5 ga Disamba a matsayin ranar 'yan sa-kai, wato masu yi wa jama'a aiki ba don albashi ba. Amma a ƙungiyoyinmu na Hausawa mazauna Kudu, daga Agege zuwa Sabon Ibadan har Lokpanta, ranar kan wuce shiru. In an shirya taron karramawa kuwa, kowa ya san masu karɓar lamba: ɗan siyasa, sai Alhajin da ya ɗauki nauyin abinci.

Ni a kara na tashi, mahaifina ɗan kasuwar shanu ne, don haka na san waɗanda ke ɗauke da wahalar unguwa. Akwai 'yan agaji masu gyara sahu ranar Juma'a, da masu haƙa kabari, da masu kwana asibiti da baƙon da bai da kowa. Da yawansu fa 'yan Nijar ne, ko Chadi ko Kamaru. Akwai kuma Bayarabiya ma'aikaciyar lafiya mai bin gida-gida, da mai yi wa ƙasa hidima da ke koyar da ƙannenmu. Yaushe aka taɓa kiran sunansu a lasifika?

Haka na ƙetare. Ƙungiyar Rotary ta shiga yaƙi da shan-inna tun 1985, kuma da gudummawarta da ta dubban masu ɗiga rigakafi aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da cutar ta asali a Agustan 2020. Ita ma Najeriya tun 1987 take tura likitoci da malamai aikin sa-kai a ƙasashen Afirka da Karebiyan. Ashe ana yi mana, mu ma muna yi wa wasu.

Wani zai ce lambar katako me za ta ƙara? Ai ba katakon ba ne abin dubawa. Mu tuna rikicin kasuwar Shasha a Fabrairun 2021: ƙaramar gardama ta rikiɗe ta koma faɗan ƙabilanci, aka rasa rayuka, aka ƙone shaguna da gidaje. A irin wannan rana, ɗan siyasar da aka karrama yana Abuja. Maƙwabcin da ya san ka, ya kuma san ka san darajarsa, shi ne zai buɗe maka ƙofa.

Shawarata ga shugabanninmu da sarakunan Hausawa ita ce a saka 5 ga Disamba cikin tsarin shekara. A bar 'yan unguwa su zaɓi waɗanda za a karrama, a haɗa da baƙi 'yan ƙetare da 'yan garin da muke zaune. A gayyaci Baale da shugaban mahauta, a yi jawabi da Hausa da yaren gari. Kuɗin bai kai na sa guda ba, wallahi.

Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.