Zancen Gindin Rimi: Kayan Gwamnati, Kayan Wa?



Ranar kasuwa na ji wani saurayi yana cika baki a gindin rimi. Wai shi da ya je birni ranar zanga-zanga, da ko ƙofa ɗaya ya ɗauko, ai kayan gwamnati ne. Dattawa suka yi shiru. Ni dai na kasa.

Kun tuna ranar 1 ga Agusta 2024, da matasa suka fito a Kano suna kukan tsadar rayuwa. Kukan nan gaskiya ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, wane magidanci ne daga Bichi zuwa Ɗambatta bai ji a jikinsa ba? Tsarin mulki na 1999 kuwa, a sashe na 39, ya ba kowa ikon faɗin ra'ayinsa.

Amma kafin rana ta faɗi an wawashe sabuwar cibiyar koyon kwamfuta ta hukumar sadarwa, NCC, wadda ko buɗe ta ba a yi ba. An fasa Babbar Kotun Jiha, an kwashe takardun shari'a. To, wanda rigimar gonarsa ta gado take cikin takardun nan, shi ne ya ƙara kuɗin masara?

Sai kuma maganar tuta. Wasu suka ɗaga tutar Rasha, hukuma ta ce cin amanar ƙasa ne, har aka kama telan da ake zargi da ɗinka ta. A watan Nuwamba aka gurfanar da yara ƙanana a kotu a Abuja, wasu suka yanke jiki suka faɗi, kafin Shugaba Tinubu ya ba da umarni a sake su. A ganina an wuce gona da iri. Yaro da ƙyalle a hannu bai rushe kome ba.

A Amurka ma an yi wannan gardama. A 1989 Kotun Ƙolinsu, alƙalai 5 cikin 9, ta ce ƙona tutar ƙasa don nuna fushi wata hanya ce ta magana, ba a hukunta mutum a kanta. Mu namu tsarin, sashe na 24, ya ce mu girmama tutarmu, kuma ni ba zan so in ga ɗana ya cinna mata wuta ba. Amma ko can ɗin, ba su ce ka ƙona ginin jama'a ba.

Na tambayi saurayin nan wa ya kwance kwanon rufin firamarenmu bara. Ya ce ɓarayi. Na ce, "Ashe? Ba kayan gwamnati ba ne?" Ƙanwarsa tana aji uku a can. Duk daminar nan, da hadari ya haɗo, malam yakan sallame su su gudu gida.