Taragon Kara a Pusiga: Wa Ya Karya, Me Ya Karye?

Layin dogo bai taɓa isa Pusiga ba. Jirgin ƙasa ya tashi daga Sekondi ya shiga Kumasi a 1903, wani kuma ya isa Kano a 1911, amma har yau albasar Bawku da doyar Salaga da Yendi a manyan motoci suke gangarawa kudu. Sabon layin da aka buɗe a 2024 daga Tema ma a Mpakadan ya tsaya, nesa ƙwarai da iyakar Togo da Burkina Faso inda Pusiga take. Saboda haka yaron wannan gari da ya zauna haɗa taragon kaya da kara, abin da ya gani a littafi ko a wayar yayansa yake kwaikwaya. Irin wannan yaro ya cancanci a yi haƙuri da ɓarnarsa, domin a cikinta karatunsa yake.

Aikin ba ƙarami ba ne. Da kaka, bayan an girbe dawa, yaro zai zaɓi busasshen kara, ya ɓare ɓawonsa da reza, ya yanka totuwa daidai wa daida, sa'an nan ya soke su da tsinken ɓawon har su zama akwati. Tayoyi kuwa daga tsohon silifa ake yanko su, ko a huda murfin kwalba da ƙusa. Mai son ƙarko yakan buɗe gwangwanin madara ya shimfiɗa a gindi.

A nan ne tsautsayi yake shigowa. Totuwa takan karye, ɓawo ya tsage, taya ta ɓalle, wani lokaci reza ta goce ta yanki yatsa. Ɗalibin Hausa zai lura cewa kowanne daga aikatau ukun farko yana da ɗan'uwa: karya da karye, tsaga da tsage, ɓalla da ɓalle. A rabon da Parsons ya yi wa aikatan Hausa a 1960, na farkon suna aji na ɗaya, masu ƙarewa da wasalin "e" kuwa suna aji na huɗu. Idan aka ce "ya karya kara", an nuna mai laifi. Idan aka ce "kara ya karye", an faɗi abin da ya auku kawai. Shi ya sa yaro kan ce "Baba, ya karye", uba kuma ya amsa da "kai ka karya shi".

Uban da ya tsaya a kan wannan amsa ya yi asarar darasi. Tambayar da ta fi amfani ita ce me ya sa ya karye. Wataƙila karan bai gama bushewa ba, wataƙila an huda shi dab da baki. Taragon da ke karkata gefe ɗaya yana nuna cewa tazarar tayoyinsa ba ta daidaita ba, kuma wannan ita ce matsalar da injiniyoyi suke aunawa: faɗin tsohon layin Ghana milimita 1,067 ne, na Tema zuwa Mpakadan kuwa 1,435, don haka taragon wannan ba ya hawa wancan. Yaron da ya gano haka da tsinke da totuwa ya riga ya fahimci amfanin awo.

Iyaye masu tsoro suna da hujja. Bakin gwangwani kaifi gare shi, raunin ƙusa mai datti yana iya jawo cutar tetanus, reza kuma ba abin wasan ƙananan yara ba ce. Sai dai yaron da aka doka saboda ya yanke yakan koma bayan rumbu ya ci gaba, ya kuma ɓoye rauninsa na gaba. Gara babba ya zauna kusa, ya nuna masa yadda ake tura reza nesa da jiki, yadda ake lanƙwashe bakin gwangwani da filaya, da yadda ake wanke rauni da sabulu a kai shi asibiti idan ya yi zurfi.

A Pusiga akwai Kwalejin Ilimi ta Gbewaa, inda ake horar da malaman firamare. Ya kamata duk malamin da ya fito daga can ya iya zama da ɗalibansa a gaban tarago mai karyayyar ƙafa, su binciki dalilin karyewar, su sāke haɗa shi. Kara kyauta yake a gona, kuma idan ya karye akwai wani.