Tsakanin Gwandu da Jidda

Duk wanda ya tsaya a hubbaren Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo a Gwandu, ya tuna cewa wannan bawan Allah, da dukan iliminsa da himmarsa, ya ɗaura niyyar zuwa gabas a wajajen 1807 amma bai wuce Kano ba, inda ya wallafa Diya'ul Hukkam ya komo gida, lalle zai san girman ni'imar da muke ciki. Tafiyar da kakanninmu suke yi da ƙafa da jakuna ta ƙasar Barno da Sudan, suna shekaru a hanya, wasu ma kabarinsu yana can, yau kilomita 3,800 ce ko kusa da haka a sararin sama, sa'o'i biyar ke nan zuwa Jidda daga filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, inda jirgin farko na alhazan Nijeriya na hajjin 2024 ya tashi a watan Mayu.

Amma a ganina masafar ba ta gushe ba, ta koma cikin kuɗin kujera ne. Na ga dattijo a Kalgo, manomin shinkafa, yana kwance bakin tsumma yana ƙirga abin da ya tara shekara da shekaru, kowace shekara kuwa farashin yana tsere masa, alhali jirgin yana ratsawa bisa fadamarsa.

Ina roƙon mahukunta da hukumar alhazai su dubi wannan dattijo da idon rahama, su sassauta abin da yake hannunsu na kuɗaɗen hidima, domin shi ma ya samu istiɗa'a tun yana da sauran ƙarfin ɗawafi.