Gidan Da Ake Ƙerawa A Masana'anta: Abin Dubawa Kafin A Sa Hannu

A wannan mako filin zai leƙa ƙasar Amurka ne, inda ake da wani irin gida wanda ba magini ke ɗora shi a fili ba. A cikin masana'anta ake ƙera shi tun daga daɓe har rufi, bisa wani gindi na ƙarfe, a sa masa wayar lantarki da famfo da ƙofofi, sa'an nan babbar mota ta jawo shi zuwa inda za a girke shi. Wani gidan ɓangare ɗaya ne, wani kuwa ɓangare biyu ake kawowa a haɗe su a wurin. Mutane kimanin miliyan 20 ne ke zaune a irin waɗannan gidaje, kuma abin da ke jan su shi ne araha: a 2023 matsakaicin farashin sabo ya ɗan haura dala 120,000 ban da fili, watau bai kai ko rabin kuɗin sabon gida na gini ba. To, amma arahar nan tana da sharuɗɗa, wanda bai san su ba kuwa zai sayi kifi a ruwa.

Abu na farko shi ne maƙerin. A da can kowane kamfani yana ƙera abin da ya ga dama, har aka yi ta kuka da gidajen saboda gobara da saurin lalacewa. Saboda haka a 1974 majalisar dokokin ƙasar ta kafa doka, ta ɗora wa ma'aikatar gidaje ta tarayya, wadda ake kira HUD, alhakin tsara ƙa'idojin ƙira, suka fara aiki ranar 15 ga Yuni, 1976. Tun daga ranar, kowane ɓangare na gidan da ya cika ƙa'ida yana fitowa da wata 'yar jar alama ta ƙarfe a jikinsa daga waje. A ciki kuma akwai takardar bayani, galibi kusa da akwatin lantarki ko cikin kabad, mai nuna sunan kamfanin, da ranar ƙira, da ƙarfin iskar da gidan zai iya jurewa. Wannan na ƙarshe ba abin wasa ba ne, domin bayan guguwar Andrew ta ragargaza irin waɗannan gidaje a jihar Florida a 1992, sai da aka tsaurara ƙa'idar iska a 1994. An kasa ƙasar shiyya uku, kuma gidan da aka ƙera don shiyya ta ɗaya ba a yarda a girke shi a shiyyar da ta fi ta iska ba.

Jar alamar nan shaida ce kawai cewa gidan ya cika mafi ƙanƙantar ƙa'ida. Mai hankali yakan ƙara da nasa bincike: ya ga lasisin dillali da na mai girkawa, ya karanta takardar garanti ya san abin da ta ɗauka da abin da ta bari, ya nemi waɗanda suka shekara uku ko huɗu a gidan wannan kamfani ya ji ta bakinsu. Ya kuma sa a rubuta masa ko farashin ya haɗa da jigila, da harsashi, da jawo ruwa da wuta. Gida mai kyau in aka girke shi a karkace, ƙofofi za su ƙi rufuwa, bango ya tsage, maƙeri ya ce laifin mai girkawa ne, mai girkawa ya ce na maƙeri ne. Akwai tsarin sasanta irin wannan jayayya a ƙarƙashin wata doka ta 2000, amma sai an kai kuka cikin shekarar farko bayan girkawa.

Abu na biyu, wanda ya fi nauyi, shi ne rance. Idan mai saye yana da filinsa, aka kafa gidan a kan harsashi na dindindin, aka yi rajistar gida da fili a matsayin abu guda, yana iya samun rancen jinginar gida na sosai, wanda ake biya har shekara 30. Idan kuwa filin na haya ne, to, a idon doka gidan kaya ne kamar mota. Rancensa ya fi gajarta, kuɗin ruwansa ya fi yawa, kuma in biya ya gagara, ƙwace shi ya fi sauƙi. Hukumar kare masu cin bashi ta ƙasar ta bayyana a 2021 cewa kimanin kashi 42 cikin 100 na rancen sayen waɗannan gidaje irin na biyun ne.

Ga misali don a ga bambancin. Wanda ya ranci dala 100,000 zai biya cikin shekara 20, in ruwan kashi 7 ne, zai riƙa biyan kimanin dala 775 a wata. In kashi 10 ne, dala 965. Bambancin dala 190 a wata kamar ba kome ba ne a ranar sa hannu, amma kafin a gama ya haura dala 45,000. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma sai an yi dubu kafin a fito.

Bugu da ƙari, sau da yawa mai ƙerawa da mai sayarwa da mai ba da rance duk tushensu ɗaya ne. Clayton Homes na jihar Tennessee, wanda ya fi kowa girma a wannan sana'a, kamfanin Berkshire Hathaway na attajiri Warren Buffett ya saye shi a 2003, kuma Clayton ɗin ne ke da kamfanonin rance na Vanderbilt Mortgage da 21st Mortgage. A 2015 jaridar Seattle Times ta zarge shi da tura masu saye zuwa rance mai tsada, shi kuwa Buffett ya fito ya kare kamfanin. Ko ma wa ke da gaskiya, darasin a fili yake: kada mutum ya karɓi rancen da dillali ya miƙo masa sai ya ji farashin wasu masu ba da rance biyu ko uku.

Abu na uku shi ne filin kansa. Mai gida a filin haya yana biyan bashi, yana kuma biyan haya, hayar kuwa tana iya tashi duk lokacin da aka sabunta yarjejeniya. Ɗaga gidan zuwa wani wuri yana cin dubban daloli, tsohon gida ma ba lalle ya jure tafiyar ba, saboda haka yawanci sai dai a haƙura a biya. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Wannan ne ya sa mazauna wata unguwa a garin Meredith na jihar New Hampshire suka haɗa kai a 1984 suka sayi filin da suke zaune a kai, kuma daga baya ɗaruruwan unguwanni suka bi sahunsu.

Saboda haka duk ɗan'uwan da ke zaune a can, wanda arahar nan ta ja hankalinsa, ya fara tambayar filin na wane ne, sa'an nan rancen wane iri ne, kafin ya tsaya kallon fenti da labule. Sai mako mai zuwa, in Allah ya yarda.