Wasiƙa a Buɗe ga Masu Dafa Gishiri na Awe

Dafa gishiri a Awe, kamar a Keana da Azara, sana'ar rani ce. Ana yayyafa ruwan gishiri a fili, rana ta busar da shi, a kankare ƙasar, a tace ta cikin tukwane masu huda, sannan a dafa ruwan har ya ƙafe. Ruwan sama na sauka, aiki ya tsaya. Saboda haka lissafin mai dafawa bai wuce abu biyu ba: nawa za a dafa, nawa za a ajiye.

Masana'antu hanya biyu suke bi. Ta farko ita ce a sarrafa kaya da yawa a tara, a jira kasuwa. Mai saye ba ya komawa hannu rabbana, amma jari yana kwance, kaya kuma na iya lalacewa. Ta biyu ita ce kada a yi sai an nema. Kamfanin Toyota na Japan ne ya yi fice da ita bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a hannun Taiichi Ohno. Tana rage asara, sai dai tana buƙatar aikin da ba ya yankewa duk shekara.

Nan ne Awe ta bambanta. Wadda ta jira oda da damina ba za ta sami ƙasar kankara ba. Gishiri da busasshen icce tarawa suke so tun da rani, buhuna kuwa a saye su daidai buƙata. Idan ɗan kasuwa ya ba da kafin alƙalami, a ware rabonsa daban.

Ajiya ma da ƙa'idarta. Gishiri yana jan danshi, ya dunƙule ko ya narke, don haka a ɗora buhu kan katako, nesa da bango, a ɗaure bakinsa. Wanda ya riga shiga ɗaki shi zai riga fita. Wannan ya fi zama dole ga gishirin da aka sa wa sinadarin aidin, kamar yadda Nijeriya ta wajabta tun 1993, domin danshi da daɗewa suna rage ƙarfinsa.

A ƙarshe, littafi ɗaya ya isa: mudu nawa aka dafa, iccen nawa aka ƙona, nawa aka sayar, a wane wata, kan wane farashi. Lissafin bara shi ke faɗin adadin da ya kamata a tara bana.