Zato Ba Ya Gyara Inji: Martani Ga Masu Cewa Hausa Ba Ta Iya Zancen Ƙarfe



Akwai wata magana da ke fitowa duk lokacin da aka taɓo zancen rubutun fasaha: wai Hausa ta soyayya ce da wa'azi da tatsuniya, in aka zo kan inji dole a koma Turanci. Mu ba mu yarda ba, kuma ba kishin harshe kaɗai ya sa muke musu ba. Wannan magana kuɗin mutane take ci. Direban tifa, mai tarakta, mai injin niƙa, mai babban janareta, duk da injin dizal suke cin abinci, kuma da yawansu Hausa suka fi karantawa. Ranar da injin ya fara ɓari da tari, da wuya su sami rubutu a harshensu da zai gaya musu abin da ya kamata a duba kafin wani ya ce musu "Alhaji, sai an sauke inji."

Tunda gani ya kori ji, bari mu yi bayanin da Hausa, sannan a faɗa mana inda harshen ya gaza.

Injin fetur yana da fulogi mai ba da tartsatsi. Injin dizal, wanda mutanenmu ke kira injin gas, ba shi da shi. Bajamushen nan Rudolf Diesel, wanda injinsa ya yi aiki sosai a 1897, a kan abu ɗaya ya gina shi: in aka matse iska da ƙarfi, takan yi zafi. Fistin yana matse iskar da ke cikin silinda har ta koma kamar kashi 1 cikin 15 zuwa 22 na girmanta, zafinta ya haura digiri 500 a ma'aunin Salshiyos, sai nozul ta fesa mai, ya kama da kansa. Ke nan matsi shi ne ashanar injin dizal. Silindar da matsinta ya zube ba za ta ƙona mai yadda ya kamata ba, ko da an saka mata sabuwar nozul.

Amma ba kowane ɓari ne raunin matsi ba, kuma a nan ake cutar masu inji. Ƙa'ida ita ce a fara da mai araha kafin mai tsada. A duba filtar iska, musamman da hunturu lokacin da ƙura ke toshe ta. A duba filtar mai, a tsiyaye ruwan da ya taru a ƙarƙashinta, domin ruwa a cikin gas yana sa inji tari kuma yana lalata famfo da nozul. A duba ko iska na shiga layin mai ta wani tiyo da ya tsage. A kalli salansa: baƙin hayaƙi yana nuna mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, shuɗi yana nuna baƙin mai ake ƙonawa, fari kuwa ko dai gas ne da bai ƙone ba, ko ruwan lagireto ne ke shiga silinda. In motar ta zamani ce, a jona mata kwamfuta a karanta abin da ta ajiye.

A tsofaffin injuna, bakanike yakan sassauta notin bututun nozul ɗaya bayan ɗaya inji na aiki. Silindar da aka sassauta tata amma ƙarar inji ba ta canza ba, ita ce matacciya. Dabara ce mai kyau, amma a inda ta dace kawai. Injunan zamani da nozul ɗinsu duka ke shan mai daga bututu guda suna tura shi da matsin da kan kai bar 1,600 zuwa 2,000 ko fiye. Mai a wannan ƙarfi yana huda fata ya shiga tsoka. Wannan gargaɗin kaɗai ya isa hujjar a yi rubutu da Hausa, domin yaron gareji da bai je boko ba shi ne hannunsa ke kusa da bututun.

To an gano silindar da ba ta aiki. Nozul ce, ko ringi, ko bawul, ko gasket? Kunne ba ya raba wannan gardama. Gejin auna matsi ne ke raba ta, kuma kuɗinsa bai kai ko kusa da kuɗin sauke inji ba. Sai dai shi ma geji akwai na ƙwarai akwai na banza, don haka ga abin da mai saye zai lura da shi, ko a Kofar Ruwa yake a Kano ko a Panteka a Kaduna.

Na farko, ya zama na dizal ne. Gejin fetur yawanci a psi 300 yake tsayawa, alhali lafiyayyen injin dizal yakan ba da tsakanin 300 zuwa 500. Na dizal yana karantawa har psi 1,000, wato kusan bar 70. Wanda ya ɗaura na fetur a injin gas zai kashe gejin, tiyon ma yana iya fashewa.

Na biyu, kawunan da ake ɗaurawa. Tunda babu ramin fulogi, ta ramin hita fulogi ake shiga, ko ta ramin nozul, kuma zaren kowane inji da tsawonsa daban. Akwati mai kawuna ashirin ba shi da amfani in babu wanda ya dace da injinka. A je kasuwa da tsohon hita fulogin a gwada. Kan da ya yi tsawo yana iya taɓa fistin, wanda zarensa bai dace ba kuma yana cinye zaren kan silinda, gyara ya haifi ɓarna.

Na uku, ya kasance yana da ɗan bawul mai hana iska komawa, da maɓallin sakin matsi. In allura ta hau ta soma saukowa da kanta, gejin na yoyo, duk abin da ya faɗa ƙarya ne. Geji mai ƙarya ya fi rashin geji muni, domin yana yi wa zato rigar ilimi. Araha ba ta ado.

Shi kansa awon yana da ladubbansa. Inji ya ɗumama, batir ya cika, a cire duk hita fulogin, a katse mai don kada injin ya tashi, a juya kowace silinda daidai da 'yar uwarta har allura ta tsaya, a rubuta lambar. Sannan a gwama da abin da kamfanin injin ya ƙayyade, a kuma gwama silinda da silinda. Bambancin da ya wuce kamar kashi 10 cikin 100 abin bincike ne. In silinda biyu maƙwabta suka faɗi tare, gasket ɗin da ke tsakaninsu ne abin tuhuma. In duka suka yi ƙasa bai ɗaya, a sake duba batir da kik da shi kansa gejin kafin a yanke wa injin hukuncin tsufa. Kuma dabarar nan ta zuba baƙin mai a silinda don a gane ko ringi ne, ta injin fetur ce. A dizal man yana iya kamawa, in ya yi yawa kuma ya lanƙwasa sandar fistin, saboda gurbin da ya rage a saman fistin ɗan kaɗan ne.

Yanzu muna tambaya: a wane layi Hausa ta gaza?

Za a ce mun cika rubutun da kalmomin aro, su fistin da nozul da bawul. Haka ne, kuma ba abin kunya ba ne. Kalmomin da bakanike ke faɗa ne a gareji, harshen ya riga ya tauna su ya haɗiye, kamar yadda ya haɗiye littafi da alƙalami daga Larabci. Marubucin da ya ƙirƙiro wa fistin wani dogon suna da ba wanda ya taɓa ji, kansa ya rubuta wa. Inda babu kalma a siffanta, kamar yadda muka ce "gejin auna matsi". Kuma ba mu ne farau ba. Abubakar Imam da Rupert East sun rubuta Ikon Allah, suka yi bayanin halittu da Hausar da ɗan firamare ke ganewa.

Za a kuma ce tsohon bakanike da kunne yake gane ciwon inji, ba ya buƙatar takarda. Muna girmama wannan kunne, shekaru aka yi ana horar da shi. Amma kunne ba ya gaduwa. Ranar da maigidan ya kwanta dama, saninsa ya bi shi, yaransa su koma canza kaya ɗaya bayan ɗaya da kuɗin mai mota har Allah Ya sa a dace. Lamba kuwa ana rubuta ta, ana nuna wa mai inji, ana iya musanta ta da wani gejin. Tana kare bakanike mai gaskiya daga zargi, tana kare mai inji daga wanda ba shi da ita.

Ga ƙalubalenmu na wannan mako. Kowa ya zaɓi sana'a ɗaya a unguwarsu, ya je ya zauna da mai ita, ya ce "Oga, koya mini," ya rubuta kalmomin yadda ake faɗarsu, ya tabbatar da kowace lamba kafin ya saka ta. In ya gama, ya karanta wa mai sana'ar. In ya gyaɗa kai, rubutu ya yi. In ya yi dariya, a koma a gyara. Kuskure a labarin soyayya mai karatu yakan yafe. Kuskure a irin wannan rubutu yana cin inji, wani lokaci ya ci yatsa.

Masu cewa Hausa ba za ta iya ba, fili naku ne. Ku kawo mana ɓangaren injin da ya gagari harshen, mu kuma mu rubuta shi mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.