Ƙwallo Kaɗai Ba Ta Gina Ɗan Wasa

Duk wanda ya zaga unguwannin Dutse bayan sallar la'asar, ko ya bi ta Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, zai tarar da filaye cike da yara ana ta buga ƙwallon ƙafa. Burin da yawansu shi ne su sa rigar Jigawa Golden Stars, daga nan kuma su bi sawun Ahmed Musa zuwa Turai. Buri ne mai kyau. Abin gyara shi ne zaton da wasu masu horarwa ke yi cewa yaro ɗan shekara 10 ba zai ƙware ba sai ya watsar da kowane wasa, ya rungumi ƙwallo ita kaɗai, rani da damina. Ilimin halittar jiki bai goyi bayan wannan zato ba.

Ƙashin yaro daban yake da na babba. Kusa da bakin kowane dogon ƙashi akwai wani faifai na guringuntsi, wanda daga nan ne ƙashin ke ƙara tsawo. Wannan wuri ba ya gama ƙwari sai ƙarshen balaga, wajen shekara 14 zuwa 16 ga 'yan mata, 16 zuwa 18 ga samari. Kafin lokacin, guringuntsin ya fi jijiyoyin da ke jansa rauni. Masu iya magana kan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma in aka yi ta tanƙwara shi a wuri guda kullum, a nan zai tsage.

Haka abin yake ga mai buga ƙwallo ba hutu. Kowane bugu da tsalle yana sa tsokar cinya ta fizgi saman ƙashin ƙwauri, daf da ƙasan ƙoƙon gwiwa, har wurin ya kumbura, ya riƙa zafi. Likitoci biyu, Osgood na Amurka da Schlatter na Suwizalan, su ne suka bayyana wannan ciwo a 1903. Akwai makamancinsa a diddige, wanda gudu a kan busasshiyar ƙasa ba takalmi ke tsanantawa. Irin wannan rauni ba targaɗe ba ne, ba kuma karaya ba, balle a garzaya wurin maɗori. Taruwa yake yi sannu a hankali, kuma babban maganinsa hutu.

A 2015, likita Neeru Jayanthi da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a Shikago kan matasa kusan 1,200, 'yan shekara 7 zuwa 18. Sun gano cewa waɗanda suka taƙaita kan wasa ɗaya sun fi samun mummunan rauni na yawan maimaici. Wanda kuwa sa'o'in horonsa a mako suka zarce yawan shekarunsa, hatsarinsa ya ninka kusan sau biyu.

Wani zai ce ai mai son zama gwani ba shi da lokacin ɓatawa. To, a dubi Hakeem Olajuwon. Tsaron gida yake yi a ƙwallon ƙafa a Legas, yana kuma buga ƙwallon hannu, bai fara ƙwallon kwando ba sai yana da shekara 15, amma ya ci kofin Amurka a 1994 da 1995. Chioma Ajunwa kuwa ta buga wa Nijeriya ƙwallon ƙafa kafin ta ciwo lambar zinariya a dogon tsalle a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. Wasan farko bai rage su da komai ba, sai ma harsashi da ya zame musu.

Ƙasar Jigawa ba ta rasa abin sauyawa ba. Langa tana koyar da daidaita jiki a kan ƙafa ɗaya, musamman in ana canza ƙafar. Kokawa tana ƙarfafa baya da kafaɗu. Ƙwallon raga da guje-guje kowanne da gaɓoɓin da yake motsawa. In aka sauya wasa, wurin da ya gaji sai ya samu sararin gyara kansa.

Saboda haka ya kamata malaman wasanni su yi aiki da shawarar da Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta bayar a 2016: kwana ɗaya ko biyu na hutu a kowane mako, wata uku a shekara ba tare da babban wasan ba, a rarrabe, sannan a jinkirta zaɓen wasa ɗaya har wajen shekara 15 ko 16. Ɗalibin da gwiwarsa ta dame shi kuma ya faɗa, a kai shi asibiti, kada a kira shi rago. Kofin da aka ci da gwiwar ɗan shekara 12 ya yi tsada da yawa, domin da wannan gwiwa ce zai yi noma da ruku'u har tsufansa.